Grace Alele-Williams da Gwagwarmayar Koyar da Lissafi a Nijeriya

1.0 Gabatarwa

Sanin kowa ne cewa lissafi shi ne darasin da ya fi kowane darasi tare wa yara hanya a makarantun boko na ƙasar nan. Yaron da ya faɗi lissafi a jarrabawar fita sakandare, ko da ya ci sauran darussa, ƙofofin likitanci da injiniyanci da akanta da sauran fannoni masu yawa sun rufe masa. Saboda haka duk wanda ke da hannu a kan yadda ake koyar da lissafi, yana da hannu a kan wanda zai wuce da wanda za a bari a baya. Manufar wannan maƙala ita ce bin sawun rayuwar aiki ta Farfesa Grace Alele-Williams, wadda ita ce mace ta farko 'yar Nijeriya da ta sami digirin dakta, kuma mace ta farko da ta shugabanci wata jami'a a ƙasar nan. Za a fi tsayawa a kan rawar da ta taka a yunƙurin da aka kira Sabon Lissafi, domin a nan ne aikinta ya haɗu da matsalar da ta shafi masu nazarin harshe kai tsaye, watau matsalar harshen da ake koyar da yaro da shi.

2.0 Daga Warri zuwa Shikago

An haifi Grace Alele a garin Warri ranar 16 ga Disamba, 1932. Ta yi firamare a makarantar gwamnati ta Warri, ta wuce Kwalejin Sarauniya ta Legas, daga nan ta shiga Kwalejin Jami'a ta Badun, wadda aka buɗe a 1948 a ƙarƙashin Jami'ar Landan. Ta fito da digiri a fannin lissafi a 1954. Idan aka tuna cewa a 1950 ne Chike Obi ya zama ɗan Nijeriya na farko da ya sami digirin dakta a lissafi, za a gane cewa fannin kansa jariri ne a lokacin, balle kuma a ce mace ce ta shige shi. Bayan kammala karatu ta koyar da lissafi a makarantar 'yan mata ta Sarauniya da ke Ede daga 1954 zuwa 1957.

A 1957 ta tafi Amurka, inda ta yi digiri na biyu a Jami'ar Bamont, sa'an nan ta koma Jami'ar Shikago ta kammala digirin dakta a 1963. Kundin digirin nata ya dubi matsayin ilmi ne a wajen haihuwar sabuwar ƙasa, ta ɗauki Nijeriya a matsayin misali. Wannan ya nuna tun da wuri inda hankalinta ya karkata. Abokan karatunta na zamani irin su Iya Abubakar, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1975 zuwa 1978, sun bi hanyar zurfafa bincike a cikin lissafin kansa. Ita kuwa ta bi hanyar tambayar yadda lissafi zai isa ga yaron da ke zaune a kan benci a aji ɗaya.

Shekarar da ta sauka Amurka ita ce shekarar da Tarayyar Sobiyet ta harba tauraron ɗan'adam na farko, Sputnik, a watan Oktoba na 1957. Abin ya girgiza Amurkawa ƙwarai, har suka ɗora laifin bari a riga su a kan makarantunsu. A 1958 majalisarsu ta yi dokar zuba kuɗi a koyar da kimiyya da lissafi, aka kuma kafa ƙungiyar masana a ƙarƙashin Edward Begle don su sake rubuta littattafan lissafi na makarantu tun daga tushe. Ke nan duk tsawon karatunta a can, a tsakiyar wannan guguwa ta yi shi.

3.0 Mene ne Sabon Lissafi?

Tsohon lissafin da Turawan Ingila suka bar wa makarantun ƙasar nan lissafi ne na hadda da maimaici. Yaro zai haddace jadawalin sau, ya koyi tarawa da ɗebewa da ninkawa da rabawa, ya yi ta juya fam da sule da kwabo, da yadi da ƙafa da inci, har hannunsa ya faɗa. Ba a cika tambayarsa dalilin da ya sa ake "aro ɗaya" a wajen ɗebewa ba, malamin ma sau da yawa bai sani ba. Manufarsa ita ce samar da magatakarda da ma'aji da akawun kanti, kuma a gaskiya ya samar da su.

Masu Sabon Lissafi suka ce wannan horo ne na hannu wanda ya bar ƙwaƙwalwa a baya. A ganinsu ya kamata yaro ya fara da fahimtar ginshiƙan da lissafi ya tsaya a kansu. Sai suka sa aka fara koyar da yaro tunanin rukuni, watau tarin abubuwa da aka haɗa waje ɗaya bisa wata siffa, kamar rukunin awakin gida ko rukunin yaran da ke sanye da hula, da yadda rukuni biyu ke haɗuwa ko su yi tarayya a wasu abubuwa. Daga nan ne ake fitar masa da ma'anar lamba. Aka kuma koya masa dokokin da ke ƙarƙashin tarawa da ninkawa, alal misali cewa 3 a tara da 5 daidai yake da 5 a tara da 3, amma ɗebewa ba ta yarda da irin wannan musanya. Haka kuma aka shigo da ƙirga a bisa tushe dabam-dabam. A ƙirgar da aka saba ana ɗaure abubuwa goma-goma ne. Idan aka ɗaure su biyar-biyar, to adadin da aka saba rubutawa 23 zai koma 43, watau ɗauri huɗu na biyar-biyar da ragowar uku. Hikimar ita ce yaron da ya yi wasa da tushen biyar zai gane cewa goma ba wata tsarkakakkiyar lamba ba ce, zaɓi ne kawai, daga nan sai ya fahimci asirin gurbin lamba da na "aro".

Wannan tunani ya iso Afirka ta hanyar Shirin Lissafi na Afirka, wanda Farfesa W. T. Martin na Cibiyar Fasaha ta MIT ya jagoranta da kuɗin taimako daga Amurka. Daga 1962 aka riƙa tara malaman lissafi na Afirka da na Amurka da Ingila a garin Entebbe na ƙasar Yuganda a lokacin dogon hutu, suna rubuta littattafan ɗalibai da na malamai don ƙasashen da ke amfani da Ingilishi. Shi ya sa aka fi sanin littattafan da sunan Lissafin Entebbe. Alele-Williams ta dawo gida a 1963, ta yi shekara biyu tana bincike a Jami'ar Badun, sa'an nan ta koma Jami'ar Legas a 1965, inda ta zauna har shekara ashirin. Ta kasance cikin 'yan Afirka da suka yi aiki a wannan shiri, kuma ita ce ta jagoranci gwajin littattafan a wasu makarantun firamare na Legas, gwajin da daga baya ya bazu zuwa makarantun jihar. Ta rubuta bayanin shirin na Entebbe a wata mujallar ilmi ta duniya a 1971, kuma a 1974 ta fitar da littafin jagora na Sabon Lissafi domin malamai.

Wannan littafi na 1974 ya isa shaida a kan inda ta ga matsalar take. Gwajin da aka yi a makarantu kaɗan, da malamai zaɓaɓɓu waɗanda ake kira kwas a kai a kai, masu duba su kuma suna zagayowa, ba abin mamaki ba ne ya yi kyau. Wahalar tana wajen malamin da ba a zaɓa ba, wanda shi kansa ta hanyar hadda ya koyi lissafi, aka wayi gari aka miƙa masa littafi cike da zane-zanen da'ira da baƙaƙen da bai taɓa gani ba. Irin wannan malami abin da ya iya shi zai yi: ya sa yara su haddace ma'anar rukuni kamar yadda dā yake sa su haddace jadawalin sau. Sai aka tashi da asara biyu, fahimtar da ake nema ba ta samu ba, ƙwarewar hannun da ake da ita kuma ta ragu. Iyaye suka fara kukan cewa yaro ya san sunayen dokoki amma ba a iya aikensa kasuwa ya kawo canji daidai. Ba a Nijeriya kaɗai aka yi wannan kuka ba. A Amurka ma Morris Kline ya wallafa littafi a 1973 yana sukar shirin a kan wannan dalili.

Ana cikin haka sai ga shirin ilmin firamare kyauta ga kowa, wanda aka ƙaddamar a watan Satumba na 1976. An yi shirin karɓar yara kimanin miliyan 2.3 a aji ɗaya, sai kusan miliyan 3 suka bayyana. Aka ɗebi malamai cikin gaggawa, aka yi musu horo na ɗan lokaci, wasu ma ba su sami horon ba. A watan Janairu na 1977, a wani taro da aka yi a Benin, Kwamishinan Ilmi na Tarayya, Kanar Ahmadu Ali, ya ba da sanarwar soke Sabon Lissafi a makarantun firamare na ƙasar nan. Aikin da aka shafe fiye da shekara goma ana yi ya tsaya da jawabi ɗaya.

Idan za a yi adalci, hukuncin yana da hujja, domin ba yadda za a yi malamin da aka horar cikin gaggawa ya riƙe aji mai cunkoso da irin wancan manhaja. Sai dai yadda aka yanke shi ya bar darasi mara daɗi, watau cewa ana iya ɗaga manhaja a kuma sauke shi ba tare da an tsaya an auna abin da ya yi kyau a cikinsa da abin da ya ɓaci ba. Manhajan da aka tsara bayan sokewar ma bai koma tsohon lissafi tsantsa ba, ya ɗebo daga nan ya ɗebo daga can, kuma darasin rukuni da na tushen ƙirga sun ci gaba da zama a manhajan sakandare.

4.0 Gurbin da aka bari: harshen yaro

A nan ne ya kamata mai nazarin Hausa ya tsaya ya yi dogon tunani. An rubuta littattafan Entebbe da Ingilishi. An yi ƙoƙarin sa musu sunaye da kayayyaki na Afirka a cikin misalai, amma tunanin da ke cikinsu da kalmomin da ke ɗauke da shi na Ingilishi ne. Tsohon lissafi yana iya tafiya da harshe kaɗan, domin yaro yana iya koyon jera lambobi ya tara ko da bai ji Turanci sosai ba. Sabon Lissafi kuwa gaba ɗayansa magana ce: yaro ya bayyana dalili, ya faɗi abin da ya gano, ya yi gardama da abokinsa. Yaron da ya shigo aji ɗaya a Gumel ko Argungu ba shi da Turancin da zai yi wannan, malaminsa ma da ƙyar. Ashe ke nan shirin da aka kawo don a buɗe wa kowa ƙofa ya fi sauƙi ga ɗan ma'aikacin da ake Turanci a gidansu.

Abin takaici shi ne yawancin abin da ake son a cusa wa yaron yana nan a cikin harshensa da kasuwar garinsu. A ɗauki ƙirga a bisa tushe dabam-dabam. Kafin a canja kuɗi zuwa naira da kwabo a ranar 1 ga Janairu, 1973, kwabo 12 ne sule, sule 20 ne fam, anini 10 ne kwabo. Yarinya mai tallar ƙosai ta san ahu da taro da sisi da nai, watau kwabo ɗaya da rabi, da kwabo uku, da shida, da tara. Idan ta tara sule bakwai da nai da kuma sule biyar da kwabo takwas, nan take za ta ce sule goma sha uku da kwabo biyar, domin ta san cewa kwabo goma sha bakwai sule ɗaya ne da ragowar biyar. Wannan shi ne ƙirga a tushen goma sha biyu, kuma tana yin sa da ka, tire a bisa kai. Amma idan ta shiga aji, a matsayin wadda ba ta san kome ba ake karɓarta.

Tsarin ƙirgar Hausa kansa ya ƙunshi darussa. Kafin kalmomin Larabci irin su ashirin da talatin da arba'in su zauna, Bahaushe yana cewa gomiya biyu, gomiya uku, gomiya huɗu, wanda ya fito da ma'anar gurbin goma fili fiye da kalmomin aro. A zamanin wuri ana ƙirga hauya, watau ashirin, ana kuma ɗinke wuri 20,000 a ce keso ɗaya, ga kuma zambar da ake ninka dubu da ita. Sa'an nan ga ƙirgar ragi, inda ake ce wa 18 ashirin biyu babu, 19 kuma ashirin ɗaya babu. Wannan na ƙarshe yana da amfani yana kuma da tarko. Amfaninsa shi ne yaro ya riga ya saba da ɗebewa tun a cikin sunan lamba. Tarkonsa kuwa shi ne kunne yana jin ashirin da kuma biyu, hannu kuma ana so ya rubuta 1 da 8, sai ka ga yaro ya rubuta 22. Malamin da ya san harshen zai gane inda kuskuren ya fito ya gyara shi cikin minti biyu. Littafin da aka rubuta a Entebbe ba shi da labarin wannan tarko.

Haka zancen yake a wajen ɓangarorin lamba. Kalmomin sulusi da rubu'i da humusi da sudusi da sumuni da ushiri sun daɗe a bakin Hausawa ta hanyar zakka da rabon gado. Malamin zaure da ke raba gadon mutumin da ya bar mata da uwa da 'ya'ya maza ya san matar tana da sumuni, uwar tana da sudusi, ya kuma san asalin mas'alar 24 ne: matar ta ɗauki 3, uwar 4, ragowar 17 na 'ya'ya. Abin da ya yi shi ne neman ƙaramin adadin da 8 da 6 za su iya rabawa, darasin da ke wahalar da 'yan aji biyar. Wannan ilmi ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Kashinawi, mutumin Katsina wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi rubutu a 1732 a kan hanyoyin gina hatimin lambobi wanda kowane layi nasa ke ba da jimla ɗaya, kuma masana tarihin lissafi suna ambatonsa.

Ba a nufin cewa fassara kaɗai za ta warware matsalar. Akwai wuraren da sai an yi aikin ƙirƙira. Kalmar da za ta ɗauki ma'anar rukuni a lissafi misali ce mai kyau. Bahaushe yana da tari da tsibi da kashi da garke da dami da jeri, kowace da abin da take tafiya da shi: garke na dabbobi, dami na hatsi ko itace, kashi na tumatir a kasuwa. Lissafi kuwa yana son kalma ɗaya da za ta rungumi duka, har ma da rukunin da ba kome a cikinsa, abin da hankalin mai magana ke ƙi, tun da garken da ba dabba ba garke ba ne. Irin wannan aiki na buƙatar masanin lissafi da masanin harshe su zauna a tebur ɗaya. An yi hakan a wasu wurare. Shirin shekara shida na Jami'ar Ife, wanda Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta daga 1970, ya koyar da dukkan darussan firamare da Yarabanci, har da lissafi, kuma sakamakonsa ya nuna yaran ba su koma baya a Turanci ba. A Arewa, Cibiyar Ilmi ta Jami'ar Ahmadu Bello ta gudanar da shirin kyautata ilmin firamare a farkon shekarun 1970, inda aka yi amfani da Hausa a azuzuwan farko a yankunan da ake jin ta. Manufar Ilmi ta Ƙasa ta 1977 ta amince a fara koyar da yaro da harshen uwa ko harshen da ya fi yaɗuwa a yankinsu, kuma a shekarun 1980 Cibiyar Harsuna ta Ƙasa ta fitar da jerin kalmomin kimiyya da lissafi na firamare a harsuna tara, ciki har da Hausa da Fulatanci da Barbarci. Amma duk wannan ya zo ne a gefe ko a bayan Sabon Lissafi, bai zo tare da shi ba. Maganar kuwa ba ta mutu ba: a 2022 Gwamnatin Tarayya ta amince da koyarwa da harshen uwa a duk shekarun firamare shida, a watan Nuwamba na 2025 kuma ta janye wannan manufa ta koma ga Turanci.

5.0 Malaman firamare mata

A tsakiyar shekarun 1970 Alele-Williams ta zama farfesa a fannin koyar da lissafi, ta kuma riƙe Cibiyar Ilmi ta Jami'ar Legas na kimanin shekara goma. Aikin da ta yi a nan bai yi amo kamar na Entebbe ko na Benin ba, amma ana iya cewa ya fi su taɓa rayuwar mutane. Ta buɗe kwasa-kwasan da ba na digiri ba, waɗanda suka ba malaman firamare damar samun takardar shaida ta jami'a, kuma da yawa daga waɗanda suka amfana mata ne manya da suka daɗe a aji.

Domin a gane muhimmancin wannan, sai a dubi halin irin wannan malama. Ta fito da takardar malanta mai daraja ta biyu tana budurwa, ta yi aure, ta haifi 'ya'ya, ta shekara goma sha biyar tana koyar da aji biyu. Abokan karatunta maza sun tafi ƙaro ilmi sun dawo sun zama hedimastoci da sufetoci, ita kuwa ba ta da halin barin gida shekara uku, ba ta kuma da takardun da jami'a ke nema. Ƙa'idar shiga jami'a ba ta ambaci mace ko namiji ba, amma a aikace ta tace mata ta bar maza. Gyaran da ya dace shi ne a sassaƙa wata ƙofa daidai da halin da mutum yake ciki, ba tare da an rage nauyin karatun ba. Amfanin kuma ba ga malamar kaɗai yake tsayawa ba. A wuraren da iyaye ke ɗari-ɗarin sakin 'ya'yansu mata, kasancewar malama mace a makaranta yakan sa a bar yarinya ta ci gaba, kuma yarinyar da ta ga mace riƙe da alli tana warware lissafi a allo ba za a iya gaya mata cewa darasin na maza ne ba. Wannan batu na mata da lissafi ta ci gaba da binsa har a matakin nahiya, inda ta shugabanci kwamitin mata na Ƙungiyar Masana Lissafi ta Afirka.

6.0 Shugabancin Jami'ar Benin

A 1985 aka naɗa ta shugabar Jami'ar Benin, ta riƙe muƙamin har 1992. Ba ta karɓi jami'ar a lokacin sauƙi ba. Kuɗin man fetur ya ja baya, gwamnatin soja ta Janar Ibrahim Babangida ta shigo da shirin tsuke bakin aljihu a 1986, darajar naira ta faɗi, albashin malaman jami'a ya zama ba ya kai su ƙarshen wata, da yawansu suka bar ƙasar. Ɗalibai kuma suna tafasa ko'ina. Zanga-zangar ƙin shirin tsuke bakin aljihu ta watan Mayu na 1989, wadda ta bazu zuwa garuruwa da dama, daga Benin ta tashi. Ga kuma ƙungiyoyin asiri na ɗalibai, waɗanda suka faro a Badun a 1952 a matsayin ƙungiyar zumunci, suka rikiɗe suka zama na sara da kisa. Ɗaya daga cikin mafi ƙarfinsu a Jami'ar Benin aka kafa ta a 1977.

An san ta da tsauri a kan waɗannan ƙungiyoyi, kuma wannan ne abin da masu yabonta suka fi ambata. Sai dai zamanin nata yana da wani ɓangare da ba a cika son tunawa ba. A 1987 an kori wasu malamai daga jami'ar, cikinsu har da Dakta Festus Iyayi, marubuci kuma shugaban ƙungiyar malaman jami'o'i ta ƙasa a lokacin, da Farfesa Itse Sagay masanin shari'a. Maganar ta kai kotu, kuma daga baya Iyayi ya koma bakin aikinsa. 'Yan ƙungiyar malamai sun ɗauki korar a matsayin yunƙurin gwamnatin soja na karya ƙungiyarsu, wadda aka haramta a 1988, sun kuma ga cewa shugabar jami'ar ba ta tsaya musu ba. Masu kare ta suna cewa jami'ar da ta tarar tana buƙatar horo, kuma da namiji ne ya yi abin da ta yi, da jarumi aka kira shi.

Kowane ɓangare yana da abin riƙewa. Gaskiya ne cewa mace ta farko a irin wannan kujera ana auna ta da ma'aunin da ba a auna waɗanda suka gabace ta da shi ba, kuma duk wani sassauci da ta nuna da an ce raunin mata ne. Gaskiya ne kuma cewa shugaban jami'a a ƙarƙashin soja yana tsakanin wuta biyu, wanda ya naɗa shi yana da bindiga, waɗanda yake shugabanta kuma suna da hujja. Amma wanda ya shafe rayuwarsa yana kira a bar yaro ya tambayi dalili a aji, dole a tambaye shi yadda ya yi da malaman da suka tambayi dalili a majalisar jami'a. Tarihinta bai cika ba idan aka ɗauki yaƙi da ƙungiyoyin asiri aka bar korar 1987, haka kuma bai cika ba idan aka yi akasin haka.

Bayan ta sauka ta yi aiki a hukumomin gudanarwa na wasu kamfanoni da cibiyoyi, tana kuma cikin waɗanda aka karrama a bikin cikar Nijeriya shekara ɗari da haɗewa a 2014. Mata sun biyo bayanta a wannan kujera a wasu jami'o'i, kamar Farfesa Jadesola Akande a Jami'ar Jihar Legas da Farfesa Gambo Laraba Abdullahi a Jami'ar Abuja. A Benin kanta sai a 2019 aka sake naɗa mace, Farfesa Lilian Salami, shekara 34 bayan naɗin farko. Alele-Williams ta rasu ranar 25 ga Maris, 2022, tana da shekara 89.